Ƙanena kurma ne, ya ce ya gaji da rayuwa, likita kuma bai ko dube shi ba

Assalamu alaikum Anti. Ƙanena ne, shekararsa 24, kurma ne tun yana ɗan shekara uku bayan wani zazzaɓi mai zafi da ya yi. Ya yi makarantar kurame, ya iya maganar hannu sosai, ya kuma koyi ɗinki. Wata huɗu da suka wuce aka rufe wurin da yake aiki, abokinsa na kusa, wanda shi ma kurma ne, ya koma wani gari mai nisa. Tun daga lokacin ya shige ɗaki. Ba ya ci sai an matsa masa, dare ya raba in leƙa in ga idonsa biyu, ya rame, wanka ma sai da faɗa. A da shi ne mai ba mu dariya da kwaikwayon mutane, yanzu ko na yi masa magana sai ya kau da kai. Makon jiya ya nuna mini cewa ya gaji, gara a ce ba ya nan. Na kai shi asibitin kusa da mu, likita ni kaɗai ya yi wa magana, bai ko dube shi ba, ya rubuta maganin ƙarin jini ya sallame mu. Asibitin ƙwaƙwalwa yana da nisa, ba mu da halin zuwa. Kawunmu ya ce taɓuwa ya yi, a kai shi wani wuri da ake tsare irinsu har su dawo hayyacinsu. Mama kuma ta ce kada kowa ya ji. Ni kaɗai ce a gidan nake ɗan jin maganar hannu, ita ma ba sosai ba. Ina zan nufa da shi?

Daga wata yaya da ta rasa yadda za ta yi

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri.

Kafin asibiti, kafin Kawu, kafin maganar kuɗi, akwai abin da ba zai kwana ba, wato maganar da ya yi miki makon jiya. Mutumin da ya yi wata huɗu yana kau da kai, da ya ɗaga hannu zai yi magana, abin da ya zaɓa ya faɗa ke nan. Ki ɗauke ta da nauyinta. Yau ɗin nan ki same shi, ke da shi kawai, a inda akwai haske yadda zai ga fuskarki da hannuwanki, ki zauna daidai da shi, kada ki tsaya a kansa. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. In ba ki san alamar ba ki rubuta, ko ki kwatanta yadda zai gane, amma kada ki yi kewaye-kewaye. In ya ce e, ki ci gaba da tambaya: ya yi tunanin yadda zai yi? Ya tanadi wani abu? Ya taɓa gwadawa? Na san zuciyarki za ta ce kada ki cusa masa abin da babu a ransa. Masana sun sha bincikar wannan fargabar, kuma abin da suka gano shi ne tambaya ba ta shuka wa mutum wannan tunanin. Sau da yawa ma sanyi yake ji, don ya sami wanda bai gudu daga abin da ke cinsa ba. Ki dai kula da fuskarki. Mai ji murya yake saurare, shi kuwa fuska yake karantawa. In kika zaro ido kika tashi kika fita, ya gama gane cewa wannan maganar ba a yin ta da ke. In kuka ya zo miki ki yi, amma ki ci gaba da zama.

Ko me ya amsa, ki kewaya gidan ki kwashe maganin ƙwari da na feshi da na ɓera, da tarin ƙwayoyin magani na kowa da kowa, da duk wani abu mai haɗari da kika san hannunsa zai kai, ki kulle ko ki fitar da su daga gidan. Wasu za su ce mai niyya ai zai nemi wata hanya. Yawanci ba haka abin yake ba. Lokacin da tunanin ke kai wa maƙura gajere ne, in abin bai zo hannu ba a wannan lokacin, mutane da yawa suna tsallakewa. Ƙasar Sri Lanka ta hana sayar da magungunan feshi mafiya guba, kuma tsakanin 1995 da 2015 yawan masu kashe kansu a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an tsirar da rayuka kusan 93,000. Ba wa'azi aka ƙara wa mutanen ba, gubar aka ɗauke daga kusa da su.

In ya ce miki ya tsara yadda zai yi, ko ya tanadi wani abu, ko ya taɓa gwadawa, to kada a bar shi shi kaɗai ko da daddare, kuma ku tafi sashen gaggawa na kowane asibiti mafi kusa, ba sai na ƙwaƙwalwa ba. Daga bakin ƙofa ki faɗa musu ƙarara: yana tunanin kashe kansa. Wannan ɓangaren dole Mama ta sani, ko ranta zai ɓaci, domin ke kaɗai ba za ki iya gadin mutum dare da rana ba.

Ba zan iya ce miki ga ciwonsa daga wasiƙa ba, wannan aikin wanda ya zauna da shi ne. Amma abubuwan da kika lissafa su ne likitoci ke nema idan suna zargin ciwon matsananciyar damuwa: ran mutum ya kasance a ɓace yawancin yini kusan kullum, abin da yake so a da ya daina yi masa daɗi, barci da cin abinci su rikice, ƙarfin jiki ya ƙare, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, kuma hakan ya kai mako biyu ko fiye. Nasa ya kai wata huɗu. A ƙiyasin 2019, mutum kusan miliyan 280 ne ke da wannan ciwon a duniya, kuma ciwo ne da ake warkewa. A wasiƙarki ban ga abin da ke nuna gushewar hankali ba. Bai daina gane ku ba, ba ki ce yana ganin abin da babu ba, maganar da ya yi miki kuma magana ce ta mai hankali da ke cikin ƙunci.

Kurumta ba ta kawo wannan ciwon da kanta. Abin da ke kawo shi shi ne zama a tsakiyar mutane ba mai yi maka magana. Ki tuna yadda hira take a gidanku. Ana zaune, wani ya faɗi abin dariya, kowa ya kwashe, shi kuma ya taɓa ki ya tambaya me aka ce. Ki ce masa bari anjima, ko ki dunƙule masa labarin minti biyar a alama biyu. Anjimar kuma ba ta zuwa. Ban faɗi haka don in ɗora miki laifi ba, ke ce ma kaɗai kika koya. Kusan tara cikin goma na yara kurame iyaye masu ji ne ke haifarsu, kuma a gidaje da yawa yaron yana girma ba tare da ya taɓa yin doguwar hira da mahaifiyarsa ba. Ƙanenki wurare biyu yake da su inda yake cikakken mutum: wurin ɗinki, inda aikin hannunsa ke magana a madadinsa, da wurin abokinsa, inda ake hira da shi har a gaji. A lokaci guda ya rasa duka biyun. Wanda ya rasa aiki yana da ji zai fita ya zauna da wasu ya rage zafi. Shi ina zai je?

Yanzu likitan. Ba lallai mugu ba ne, wataƙila layi ne a bayanku, wataƙila kuma bai taɓa zama da kurma ba a rayuwarsa. Amma bai duba ƙanenki ba, ke ya duba. Ciwon suga ana gane shi da ɗigon jini, karaya da hoto, wannan ciwon kuwa babu na'urar da ke nuna shi, da tambaya da amsa ake gane shi. Saboda haka duk wanda likita ba ya jin harshensa, ko kurma ne, ko ɗan gudun hijira, ko ɗan wata ƙaramar ƙabila, tun daga nan aka bar shi a baya, ko da asibitin yana ƙofar gidansu. Kurame ma nasu ya fi muni, don akan yi musu kuskure ta fuska biyu. In ya yi shiru a ce ba shi da wayo. In ya dage yana bayani, hannu na tashi, fuska na motsi, gira na hawa da sauka, a ce ga shi nan yana fisge-fisge, alhali motsin fuskar nan wani ɓangare ne na nahawun harshensa, da shi yake bambanta tambaya da labari.

Ki koma asibitin nan, ko wani makamancinsa, amma da shiri. Ki rubuta takarda tun daga gida, gajeriya: kurma ne, da maganar hannu yake magana, wata huɗu ba ya barci, ba ya ci, ya rame, ya daina aiki da shiga mutane, ranar kaza ya ce gara a ce ba ya nan. Ki nuna masa takardar kafin ku fita, ya gyara abin da bai yarda da shi ba, don labarinsa ne. In kun shiga, shi zai zauna a kujerar marar lafiya, ke ki tsaya gefen likita inda zai gan ku ku biyu. In likita ya juyo ya tambaye ki ko yana barci, ki ce, "Ranka ya daɗe, ga shi nan, bari in tambaye shi," ki tambaye shi ɗin, ki jira amsa. Sau biyu za ki yi haka likita zai fara kallonsa. Ki roƙi a duba ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo, don su ma suna iya kawo kasala da mutuwar jiki irin wannan, kuma a tambaye shi ko yana shan wani abu don ya sami barci ko ya manta damuwa.

Nisan asibitin ƙwaƙwalwa kada ya karya miki gwiwa. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, fiye da kashi 75 cikin ɗari na masu wannan ciwon ba sa samun kowace irin kulawa, kuma da za a jira likitocin ƙwaƙwalwa su wadata, da yawa za su mutu suna jira. Shi ya sa a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ake kira mhGAP, ta kuma fitar da littafin jagora a 2010, wanda ke koya wa likitoci na gama-gari da nas-nas da jami'an lafiya na ƙananan asibitoci yadda za su gane matsananciyar damuwa, su auna haɗarin kashe kai, su fara magani, su kuma san lokacin da za su tura mutum gaba. Ƙasashe da yawa sun horar da ma'aikatansu da shi. Ki tambayi babbar nas ko akwai wanda ya sami horon lafiyar ƙwaƙwalwa a nan, ko akwai ranar da wani ƙwararre ke zuwa, ko suna iya tuntuɓar likitan ƙwaƙwalwa ta waya. Sau da yawa mutumin yana nan, babu dai allo a ƙofarsa.

In aka rubuta masa magani, ga abin da ya kamata ku sani. Ba ya aiki a kwana biyu. Yakan ɗauki makonni kafin a fara ganin canji, wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kafin a yanke hukunci ko ya karɓe shi. A farko yana iya kawo tashin zuciya ko ciwon kai, yawanci su wuce. Ba a tsayar da shi rana ɗaya don an ji sauƙi, ana ci gaba aƙalla wata shida bayan samun sauƙin, sannan likita ya rage a hankali. Fluoxetine na cikin waɗanda aka fi farawa da su, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, don haka akwai mai rahusa wanda ba na babban kamfani ba, ki nemi shi. Akwai tsofaffin magunguna da ba a son ba wa mai tunanin kashe kansa, dalili ke nan da ya sa ba a ɓoye wa likita wannan maganar. Ki faɗa masa kuma in ƙanenki ya taɓa yin kwanaki ba barci amma yana cike da ƙarfi da zumuɗi da ɓarnar kuɗi, don in haka ta taɓa faruwa lissafin magani ya canza. Maganin ya zauna a hannunki, ki riƙa ba shi na kowace rana. Kuma kada ku saya da kanku ba tare da an duba shi ba.

Maganar tafinta kuwa, a nan zan ɗan ɓata miki rai. Bai kamata ke ce tafintarsa a kowane zama ba. Ke da kanki kin ce ba ki ƙware ba, kuma ko kin ƙware, akwai abin da namiji ɗan shekara 24 ba zai faɗa a gaban yayarsa ba: yarinyar da yake so ta ƙi shi, abin da yake sha a ɓoye, wulaƙancin da wani ya taɓa yi masa, ko haushin da yake ji na mutanen gida, har da ke. Ke ma, don tausayi, za ki riƙa sassauta maganarsa kafin ta kai kunnen likita ba tare da kin sani ba. Zuwan farko ki yi, da babu gara ba daɗi. Amma daga gobe ki fara neman wani. Makarantar da ya yi ita ce wuri na farko, malamansa sun san harshen, sun kuma san inda tsofaffin ɗalibai ke taruwa. Sai ƙungiyar kurame ko ta masu buƙata ta musamman mafi kusa da ku. In tafintan yana nesa, kiran bidiyo yana yi: a jingina wayar a kan tebur inda ƙanenki zai ga hannuwansa, likita kuma ya ji muryarsa. Ki tabbatar irin maganar hannun da ya koya ce, don akwai harsunan hannu fiye da 300 a duniya, ba ɗaya ba ce. Sannan shi zai zaɓi mutumin. Kurame a kowane wuri 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa, yana iya ƙin wani tafinta don tsoron kada sirrinsa ya zaga, kuma tsoron nasa yana kan hanya.

Za a ce miki ai sai ya rubuta. Rubutu yana taimakawa, amma ga kurame da yawa harshen rubutu harshe na biyu ne, mutum yana iya zama gwani da hannu, a takarda kuma ya kasa fitar da rabin abin da ke ransa. Karanta leɓe ma yawancinsa canki-canki ne. In ya gyaɗa kai kada a ɗauka ya gane. Kurame da yawa sun saba gyaɗa kai don a rabu da su. A ce ya maimaita da hannunsa yadda zai sha maganin da ranar da zai dawo. Kuma neman tafinta ba alfarma kuke roƙo ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, kuma ƙasashe fiye da 180 suka rattaba amincewarsu, ta ce a sashe na 25 a ba su kulawar lafiya daidai da ta kowa, sashe na 9 kuma ya ambaci samar da ƙwararrun tafintocin maganar hannu. Na san takarda daban, abin da ke faruwa a ƙasa daban. Duk da haka in shugabannin ƙungiyar kurame suka rubuta wa hukumar asibiti da wannan hujjar, sun fi ki samun kunne, kuma wanda zai zo bayan ƙanenki zai amfana.

Magani rabin aikin ne, ɗaya rabin zama ne da wanda zai saurare shi ya taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma an gano ba sai mai digiri ba. A Zimbabwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata suna zama da mutane a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, zama shida kowane mutum. A sakamakon binciken da aka buga a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun ciwon, a cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa kusan rabi. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan an yi irin haka da mata jami'an lafiya masu bi gida-gida suna kula da masu juna biyu da ke da wannan ciwon, sakamakon 2008 ya nuna kashi 23 cikin ɗari ne ke da sauran ciwon a cikin waɗanda aka yi wa wannan zaman, a cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 53. A 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari mai suna PM+, zama biyar, mako-mako, wanda wanda ba likita ba zai iya koya. Duka waɗannan da masu ji aka gwada su, wannan gaskiya ce. Amma in tsohuwar da ba ta yi karatun likita ba za ta iya, ban ga abin da zai hana a horar da kurma biyu ko uku su yi wa 'yan'uwansu ba, da harshensu, babu tafinta a tsakani. A ganina wannan ya fi gina sabon asibiti amfani ga irin su ƙanenki, kuma abu ne da ya kamata ki faɗa wa shugabannin ƙungiyar in kin same su.

Kafin a kai can, akwai abin da za ki fara a gida, kuma yana cikin abin da ake koyarwa a irin waɗannan zaman. Mai wannan ciwon yana jira ya ji sha'awa kafin ya motsa, sha'awar kuwa sai bayan motsi take dawowa. Don haka a fara da ƙarami. Ki kawo masa rigarki da maɓalli ya cire, da allura da zare, ki ajiye kusa da shi ki ce kina son sa ta gobe. Kada ki ce don ya ji sauƙi ne, ki ce kina buƙata, kuma ki buƙata da gaske. In ya ɗinka, jibi ki kawo wadda bakinta ya warware. Ki nemo lambar abokin nan nasa, ki sa masa data, ki haɗa su a bidiyo ki fita ki ja ƙofa. Nisan gari ba ya hana maganar hannu yanzu. Da yamma ku ɗan taka na minti goma. Wata rana zai ƙi duka, ki ƙyale shi, ki sake gwadawa washegari. Abin da ba na so shi ne faɗan wanka da gorin cewa wasu sun fi shi shiga matsala. Ya sani, kuma sanin yana cikin abin da ke danne shi.

Kawu kuma, kada ki yi masa musu a gaban mutane, ki same shi shi kaɗai ki nuna masa kin san don ƙauna ya faɗa. Amma kada ki yarda. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa a ƙasashe 60 ana ɗaure masu matsalar ƙwaƙwalwa da sarƙa ko a kulle su, a gidaje da wuraren da ake kai su da sunan magani, wasu na tsawon shekaru. Ga kowa wannan azaba ce, ga kurma kuwa ta ninka. In aka ɗaure masa hannu an toshe masa baki ke nan, ba zai iya cewa yana jin ƙishirwa ba, balle ya faɗi wanda ya dake shi. In aka kulle shi a ɗaki mai duhu, an raba shi da ji da gani duka. Kuma a can babu mai jin harshensa, wato ainihin abin da ya kwantar da shi za a ƙara masa. Ki ce wa Kawu ya ba ki wata biyu ki gwada asibiti, ki kuma ba shi aiki: ya raka ku, ko ya taimaka da kuɗin mota, ko ya nemo wa yaron inda zai koma ɗinki. Babba in aka ba shi gurbi a cikin shiri, da wuya ya rushe shi. Addu'a kuwa a yi ta a gida, a kusa da shi, a yi masa bayanin abin da ake roƙa masa, ba ta hana shan magani.

Mama tsoron bakin mutane take ji, kuma ba sai an yi shela ba. Mutum huɗu ko biyar sun isa: ita, ke, ma'aikacin lafiya, tafinta, da abokinsa. Ki kuma koya mata alama goma, ita da duk wanda ke kwana a gidan: sannu, ya jiki, ka yi barci, zo mu zauna, ina son ka. Shi zai fi kowa iya koyar da su, kuma wannan ma aiki ne da zai fito da shi daga ɗaki.

Kan kuɗi ba zan yi miki daɗin baki ba. Gwamnatoci a duniya, in aka ɗauki matsakaici, kusan kashi 2 cikin ɗari kawai na kasafin lafiya suke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa, ɗan abin da aka ware ɗin ma yawanci manyan asibitocin birane ke cinyewa. Ki tambaya ko asibitin yana da jami'in walwala, ko akwai rangwame ko inshora ga masu naƙasa, don a wurare da yawa akwai amma sai wanda ya tambaya ake faɗa wa. Ki roƙi a haɗa muku ganin likita da karɓar magani a rana ɗaya, zuwa na biye kuma a duba ko za a iya yin sa ta waya.

Makonnin farko bayan fara magani su ne na sa ido. A wasu matasa 'yan ƙasa da shekara 25 tunanin kashe kai yakan ƙaru a farkon shan irin waɗannan magunguna, kuma ƙarfin jiki yana iya dawowa kafin ƙuncin zuciya ya tafi. In kika ga ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya fara rabar da kayansa, ko ya yi wata irin natsuwa farat ɗaya bayan dogon ƙunci, ki sake yi masa tambayar nan kai tsaye, ku koma asibiti a ranar. In komai na tafiya daidai ma, a sake ganinsa cikin mako ɗaya ko biyu. In an kai wata ɗaya da rabi babu canji, ko ya fara ganin abin da babu, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya, to lokacin tafiya babban asibitin ya yi. Ki karɓi takardar turawa daga inda kuka fara, ki kuma shirya tafinta tun kafin ranar. Ke ma ki sami wanda zai karɓe ki kwana ɗaya ko biyu a mako ki yi barci, don jinyar nan ta watanni ce. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara miki ƙarfin gwiwa.